Baba Mai Bokiti Da Abin Da Ke Bayan Ƙofa

Bakwai saura kwata yake shigowa, kullum, ko ana ruwa ko ana rana. Maigadi ya ce tun da aka fara aikin gidan nan ya daina duba agogo da safe, in ya ji ƙarar bokiti a bakin ƙofa ya san lokaci ya yi. Bokitin na ƙarfe ne, ya lotse ta gefe guda, mariƙinsa kuma waya ce aka murɗa. Zai tari ruwa a famfon tsakar gida, ya ciro wani ɗan kofin roba daga aljihu, ya fara zagaye. Ya watsa wa bango kofi ɗaya, ya goya hannu a baya, ya tsaya yana kallo kamar wanda ya yi sallama yana jiran a amsa. Sai ya ƙara taku uku ya sake watsawa. Haka har ya gama ciki da waje, sannan ya zo wurina karɓar kayan aiki.

Ni ce mai riƙe makullin sito a wurin. Ranar farko da na ga wannan hidima na ce a raina, shi ke nan, sun ɗauko mana tsohon da kansa ya kwance.

"Baba, ina kwana. Bangon ne ya ce maka yana jin ƙishirwa?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Tambayarsa nake yi."

"To me ya ce?"

"Nan ya sha. Can bai sha ba. Duk inda bai sha ba, wani ne ya toshe masa baki da siminti."

Tsoffin gidaje irin wannan, in ji Baba, da farar ƙasa da yashi aka yi musu shafe. Wannan shafen yana shan ruwa, kuma yana mayarwa. Damina ta jiƙa bango, rana ta fito, ya yi gumi ya bushe. In ka liƙa masa siminti ko fenti mai sheƙi, ruwan da ke hawowa daga ƙasa ba shi da hanyar fita, sai ya zauna a ciki yana cin bulo da katakon rufi a hankali, waje kuma fes kamar sabo. A minti biyu ya yi min wannan bayanin, yana naɗe hannun riga. Daga baya na ji an yi shi a awa ɗaya da rabi da majigi, ban ƙaru da komai ba sai ciwon wuya.

Makon jiya Baba ya ajiye cokalin shafe. Kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa, likita ya ce ya isa haka. Shekara hamsin da ɗoriya yana wannan sana'a. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani da idona, kafin masu takarda su faɗe shi yadda ba za a gane shi ba.

Gidan bene ne, ya haura shekara ɗari. Kaurin bangonsa ya kai tsawon hannuna, tagoginsa dogaye masu marfin katako, matakalarsa tana kuka a hawa na bakwai. Kakan Hajiya, mai gidan, ne ya gina shi, a ciki aka haife ta, daga ciki aka ɗauke ta zuwa gidan miji. Shekara ashirin yana rufe, ba kowa sai tantabaru. Da tsufa ya kama Hajiya sai ta ce a gyara shi a mai da shi ofisoshi, mutane su riƙa shiga da fita, don gidan da ba a takawa mutuwa yake yi. Autanta kuwa wani zane yake yawo da shi a waya, dogon gini na gilashi, irin wanda in ka wuce kake ganin kanka da ƙaton ciki. Shi a wurinsa gyaran gidan nan ɗaya ne: a kawo katafila.

Sai aka kawo Injiniya. Ba injiniya kawai ba, ƙwararre a kan gini mai ɗorewa da kare muhalli. Haka ke rubuce a katinsa, ya ba ni guda biyu. Yana da farar hular kwano wadda har muka gama aiki ƙura ba ta taɓa samun damar gaisawa da ita ba. In ya zo sai ya bar motarsa a kunne da esi, don kar ta yi zafi kafin ya gama yi mana bayanin yadda duniya ke ɗumama. Ni karatuna bai yi nisa ba, sauran a jikin buhun siminti da waya na ƙarasa shi, saboda haka na ɗauka akwai wani sirri a ciki da sai an je jami'a ake ganewa.

Yana da wata na'ura mai haƙora biyu. Ya dafa ta a bango ta yi ƙara, ya girgiza kai, ya rubuta. Baba yana gefe da kofinsa.

"Dattijo, wannan wasan ruwan da kake yi, na'urar nan a daƙiƙa uku take yin sa."

"Ma sha Allah, Yallaɓai. Ta ce akwai danshi?"

"Sosai ma."

"Ta faɗi ta inda zai fita?"

Injiniya ya ce ba zai fita ba, ai hana shi za a yi. A kankare komai, a yi filastar siminti mai ƙarfi, a bi da fentin da ruwa ba ya ratsawa, a cire tagogin katako a sa gilashi, a liƙe ko'ina ruf. Baba ya ce in aka yi haka gidan zai yi kyau shekara biyu, ya yi wari shekara uku, sannan Auta ya samu abin da yake so.

Hajiya ba mai son dogon zance ba ce. Ta zo da sandarta, ta zauna a kan kujerar da na goge mata, ta saurari kowa. Sai ta nuna ɗakuna biyu na ƙasa, waɗanda ruwan sama ya fi duka.

"Injiniya, ɗauki na dama. Malam, ɗauki na hagu. Kowa ya yi irin nasa. Bayan damina zan zo in gani."

Auta ya ce, "Mama, in duka biyun suka jiƙe fa?"

Ta ce, "In duka suka jiƙe, to gidan ya gaji. Ka kawo katafilarka."

A gabanmu ta faɗa, ni da maigadi da leburori. Kuma kowa ya san Hajiya ba ta mayar da magana.

Ɗakin Injiniya a kwana tara aka gama. Gaskiya ya yi kyau, har hoto na ɗauka a ciki. Na Baba ya ci wata biyu. Tsohon shafen da ya kankare bai zubar ba, ya sa aka daka, aka tankaɗe, aka mayar cikin sabon kwaɓi. Ya ce ƙasar ta riga ta san gidan. Ƙusoshin da ya zare daga tagogi ɗaya bayan ɗaya ya miƙe su a kan dutse ya zuba a gwangwani. Can sama kusa da rufi ya gano wasu ƙananan ramukan iska da wani mai hikima ya toshe da tsumma da siminti, ya buɗe su, ya sa musu raga. Shafi ɗaya zai yi, siriri, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a kai, ya jira kwanaki kafin ya ƙara. Leburori suna ta dariya, wai Baba jinyar bango yake yi. Dogo, babbansu, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin magini yana lulluɓe bango kamar mai jego ba.

Baba ya ce, "Kai da aka haife ka a kwana tara aka gama ka?"

Dogo ya ce a'a.

"To ga shi nan ma ba a gama ba."

Damina ta zo ta yi abin da ta saba. Tun a tsakiyarta ɗakin dama ya fara kumbura. Fentin ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi, in ka buɗe ƙofa wani wari ya tare ka kamar an manta wanki a bokiti mako guda. Ɗakin hagu kuwa shiru, sanyi ƙalau, ba wari. Mu duka hankalinmu ya kwanta. Maigadi, wanda a ɗan ɗakin bakin ƙofar gidan yake zaune shekara goma sha biyar, har ya daina tambayar inda ake neman masu gadi.

Ana gobe Hajiya za ta zo, da safe, na shiga ɗakin hagu in share. Na tura ƙofa don in kai tsintsiya lungu, sai na gani. Can ƙasa, bayan ƙofa, danshi ya fito. Kuma ba irin wanda aka saba gani ba, mai kama da taswira. Wannan layi ne a miƙe, kusurwa huɗu, kamar an zana ƙaramar taga da jiƙaƙƙen yatsa.

Na kira Baba. Ya zo ya durƙusa, ya watsa kofi ɗaya a tsakiyar zanen. Bango ya sha. Ya sake watsawa, ya sha. Sai ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefe, ya dawo ya ƙwanƙwasa tsakiya. Ko ni na ji sautin ba ɗaya ba ne. Ya kife bokitinsa ya zauna a kai.

"Baba, mene ne?"

"Tsohon baƙo ne, 'yar nan."

Ban gane ba, kuma ba wannan ne ya dame ni ba. Na buɗe ƙofar har ta jingina da bango. Zanen ya ɓace gaba ɗaya.

"Ka gani? Ba mu ɓoye komai ba. Ƙofa ce a buɗe. Ai ba laifi ba ne a buɗe wa baƙo ƙofa."

Maigadi da ya leƙo ya ce wallahi yarinyar nan ta fi Injiniya ilimi. Ya ce, "Baba, ka dubi Allah. Ɗakin can ya riga ya mutu. In aka ga wannan, gidan ya tafi. Bayan ta tafi sai ka gyara abinka, wa ya sani?"

Baba ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Na ɗauka ya yarda.

Washegari da hantsi Hajiya ta iso, Auta yana riƙe da jakarta, Injiniya yana riƙe da fayil. Aka fara da ɗakin dama. Hajiya ta toshe hanci da gefen mayafi. Injiniya ya ce wannan abu ne da ake sa ran gani, ginin yana kan matakin daidaita kansa da yanayi. Hajiya ta sa bakin sanda ta tsokani bororo ɗaya. Ya fashe, ruwa ya gangaro har kan takalminsa.

"Ya daidaita," in ji ta. "Mu je."

Ɗakin hagu. Ni na riga kowa shiga, na buɗe ƙofa, na jingina da ita, na harɗe hannu kamar dama can nan ne wurin tsayuwata a duniya. Hajiya ta zagaya a hankali. Ta shafa bango da tafin hannu, ta duba hannun. Ta ɗaga kai ta ga ramukan iska.

"Waɗannan ai na san su. Ta nan muke jin ana kiran mu cin abinci in mun ɓuya." Ta juya wurin Auta. "To, kai ma ka gani da idonka."

Auta ya sa wayarsa a aljihu. Maigadi daga waje ya ɗaga hannu sama. An gama, saura a fita.

Sai Baba ya ce, "'Yar nan, rufe ƙofar."

Na yi kamar da wata yake.

"Magajiyar sito. Rufe ƙofa."

Ban taɓa jin ƙofa mai nauyin wannan ba. Na rufe. Zanen yana nan, har ya fi jiya fitowa, kamar ya san za a zo kallonsa.

Baba ya ɗauko guduma da kurfi ya durƙusa. Bugu kaɗan farin shafen ya zube, sai ga siminti a ƙasa, toka-toka, santsi. Ya ci gaba da ɓamɓarewa har kusurwar ƙasa. A nan ga shaidar yatsu uku, an danna su tun simintin yana ɗanye. Duk wanda ya yi aiki da Baba ya san wannan alama. In ya gama bango, can ƙasa inda ba a kallo, yakan danna yatsu uku. Ya ɗora hannunsa a kai. Sun zauna daram.

"Ni na yi shi, Hajiya. Ina saurayi, ina ƙarƙashin maigidana. Aka ce a gyara nan cikin gaggawa. Ya ce in yi da farar ƙasa, ni kuma na ga ba za ta bushe a kan lokaci ba. Siminti sabon yayi ne lokacin, kwana biyu ya kame. Na faki idonsa na liƙa, na bi da farar ƙasa a sama don in ya watsa ruwa ya ga ta sha. Ya watsa, ta sha, ya sa min albarka. Na ruɗi bokitinsa. Ga shi bana na ruɗi nawa. Wallahi na manta da shi sai jiya."

Injiniya ya ce, "Amma, Dattijo, wanda zai ɓoye abu ya sa masa hannu?"

"Yallaɓai, ƙuruciya ce. Ko laifi ka yi, in ya yi santsi kana so a san kai ne."

Auta ya gyara tsayuwa. "To, Mama. Duka biyun sun jiƙe. Ke kika faɗa, ba ni ba. Kuma ga wanda ya ɓata gidan da bakinsa."

"Haka ne," in ji Baba.

Hajiya ta daɗe tana kallon yatsun nan. Sai ta ce, "Malam, gaggawar mece ce aka yi?"

"Biki ne, ranki ya daɗe. A ɗakin nan aka ce za a jera kayan amarya."

"Wace amaryar?"

Baba ya sunkuyar da kai.

Hajiya ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ikon Allah. Ashe bikina ne. Angon ya rasu shekara goma sha ɗaya, simintin yana nan." Ta buga sanda a ƙasa. "Akwai irinsa a wani wuri?"

"Nawa dai wannan ne kaɗai. Na wasu ban sani ba. Amma yanzu na san ruwa kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da ƙwanƙwasawa. In akwai, zan nemo."

"In an cire wannan, bangon zai bushe?"

"Zai bushe in Allah ya so. Amma ba zan rantse miki ba sai wata damina ta wuce."

Auta ya ce, "Mama, magana fa aka yi."

"Na sani, ni na yi ta. Na ce in duka suka jiƙe gidan ya gaji. To ban ga gajiya a nan ba, na ga siminti. Can an nuna min ruwa an ce min ba ruwa ba ne. Nan na riga na juya zan fita, aka kira ni aka nuna min. Kai in kana da gida, wa za ka ba makulli?" Ta juyo ta kalle ni. "Ke kuma, 'yata, ƙofa ba ta buƙatar mai riƙe ta. Tana da ƙarfe."

Na ce, "Na'am, Hajiya."

Shekara guda aka ƙara. Baba ya bi gidan kaf, kofi a hannun hagu, bayan yatsa a dama. Ya tono irin wannan faci guda biyar, ba ko ɗaya mai yatsu uku, kuma duk wanda ya tono sai ya kira ni in shaida. Da hannunsa ya kankare ɗakin dama. Tagogi talatin da biyu, ba a yar da ko ɗaya ba. Injiniya, kar in ci haƙƙinsa, ya iya sola, shi ya jera farantanta a rufi ta inda ba a gani daga titi, kuma shi ya kawo dabarar tankin tara ruwan sama. Wata rana ma na kama shi a bayan gida shi kaɗai yana fesa wa bango ruwa da wata 'yar kwalba mai tsada. A rahotonsa ya kira abin da suna mai kalma bakwai.

Damina ta biyu ta wuce, bayan ƙofa ya bushe ƙayau.

Yanzu ofisoshi tara ne a gidan. Akwai lauyoyi a sama, masu zanen gini a ƙasa, da wasu da har yau ban gane aikinsu ba, amma suna da kujeru masu juyawa. A ƙasa ba a kunna esi, baƙi suna shigowa suna neman inda sanyin ke fitowa. Maigadi yana ɗakinsa. Auta da kansa ya ɗauki ɗakin hagu, wai ya fi iska. Ranar buɗewa Injiniya ya yi jawabi a kan gini mai numfashi, aka yi ta tafi. An kafa allon ƙarfe a bakin ƙofa mai sunaye goma sha huɗu, har da na kamfanin da ya kawo labule. Baba yana can baya kusa da famfo, yana wanke kofinsa.

Baba, kai ne likitan bango, mai tambaya kafin ya taɓa. Kai ne ka ci jarrabawa, aka miƙo maka sakamako, ka ce a dawo akwai inda ka yi kuskure. Na ga masu gyara da yawa, kowa kuskuren wani yake gyarawa, da murna ma. Kai kaɗai na ga ka durƙusa a gaban mutane, da furfurarka, ka tono naka. Ranar na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina miƙo maka kayan aiki ba na kallon fuskarka, kai kuma kana ce min, "Sannu da ƙoƙari, mai tsaron ƙofa."

Mun gode, Baba. Allah ya ba kafaɗar nan sauƙi, ya sa ka huta cikin jikokinka, ya sa yadda ka rufa wa gidan nan asiri kai ma a rufa maka.

Ku kuma masu gyaran tsoffin gidaje, da masu farar hula da masu kwanon gini, ban ce kowa ya nemi bokiti ba. Wanda yake da na'ura ya riƙe abarsa. Amma ku tambayi bango kafin ku toshe masa baki. Kuma ranar da mai gida ya zo duba aiki, in kun san akwai abu a bayan ƙofa, ku rufe ta ya gani.

Bokitin yana sito, ya bar min shi. Jiya da safe na zagaya da shi. Wani lauya ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, lafiya? Bangon ne yake jin ƙishirwa?"

Na ce masa tambayarsa nake yi.